Tabarmar ɗumi ta lantarki da na saya wa 'yan kwikwiyo: abin da na gani cikin sati biyar

Yau sati biyar kenan da karyar gidanmu ta haihu, guda bakwai ta zubo, kuma alhamdulillahi duk bakwai ɗin suna nan da ransu har sun fara kokawa da juna suna jan igiyar takalmi, shi ya sa na ce bari in zauna in faɗi abin da na gani game da tabarmar ɗumin nan ta lantarki da na yi amfani da ita tun daga daren farko. Na san akwai masu tunanin saye suna ta kokwanto, akwai kuma waɗanda sun riga sun saya amma suna shirin yin kuskuren da na yi.

Irin wadda ake yi don dabbobi ce, ba irin ta mutane da ake ɗorawa a baya idan yana ciwo ba, kuma don Allah kar a haɗa su, ta mutane tana yin zafi fiye da abin da fatar jaririn kare za ta iya ɗauka. Tawa mai kusurwa huɗu ce, faɗinta bai wuce na matashin kai babba ba, cikinta roba ce da ruwa baya ratsawa, sai riga mai laushi da ake zugewa da zif a cire a wanke. Wayarta an naɗe ta da wani abu kamar ƙarfe mai lanƙwasuwa saboda cizo, sai ɗan rimot a jikin wayar mai nuna lamba inda kake ƙara zafi ko ragewa, da kuma taima da ke kashe ta da kanta bayan wasu awanni. Wannan taimar ku riƙe ta a rai, zan dawo kanta, don ita ce ta kusa jawo min asara.

Da farko ni kaina ban ɗauki zancen ɗumi da wani muhimmanci ba, a tunanina tunda uwa tana nan ai shikenan. Likitan dabbobin da ke duba ta tun tana da ciki shi ya zaunar da ni, ya ce Malam, cikin abubuwan da suka fi kashe 'yan kwikwiyo a satin farko akwai sanyi da yunwa, kuma su biyun tare suke tafiya. Jaririn kare baya iya riƙe zafin jikinsa da kansa. Babban kare zafin jikinsa yana kai digiri 38 zuwa 39, amma wanda aka haifa yau tsakanin 35 da 37 yake, kuma ko rawar ɗari da jiki ke yi don ya samar da zafi baya iyawa sai ya kusa sati ɗaya. Ga shi ba kitse sosai a jikinsa, ga ido a rufe ga kunne a toshe, abin da ya sani kawai shi ne ya ja ciki ya bi inda ya ji ɗumi. To idan uwar ta tashi ta fita shan ruwa ko zagayawa, ko ɗaya ya mirgina ya koma bayanta can lungu, cikin ɗan lokaci kaɗan sai ka taɓa shi ka ji kamar ka taɓa ƙasan randa.

Adadin da ya ba ni na rubuta a takarda na manna a jikin akwatin haihuwar da uwar da yaran ke kwana a ciki: wurin kwanciyarsu ya kasance digiri 29 zuwa 32 a kwana huɗun farko, daga nan a riƙa ragewa a hankali ya sauko wajen 27 kafin kwana goma, zuwa ƙarshen sati na huɗu kuma 22 ma ya wadatar. Wurin kwanciyarsu fa aka ce, ba ɗakin gaba ɗaya ba. Idan ka mai da ɗakin duka digiri 32 uwar ce za ta wahala, ta yi ta haki, ƙarshe ta ƙi zama a akwatin, kuma uwar da ta ƙi kwanciya ai ba nono kenan.

A nan ne tabarmar ta burge ni gaskiya. Tana ɗumama inda ake buƙata ne kaɗai.

Amma ranar farko ban shimfiɗa ta daidai ba. Na sa ta a tsakiyar akwatin na rufe da tawul, sai ya zamana duk inda suka juya suna kan zafi, uwar ma rabin jikinta na kai. Ba a yi awa biyu ba na ga ta tashi ta koma bakin akwatin ta kwanta a ƙasa, su kuma yaran sun warwatse kowa ya miƙe ƙafa nesa da ɗan uwansa, biyu suna ta wani kuka bakinsu a buɗe. Na kira likita na kwatanta masa, ya ce zafi ne ya yi musu yawa, mayar da ita gefe ɗaya, kar ta wuce rabin akwatin, ka bar musu inda za su gudu. Wallahi ina mayar da ita kusurwa abin ya canza, sai ka ga ɗan abu da ido a rufe ya ja ciki ya hau tabarmar ya yi barcinsa, in ya ji ya isa ya sulale ya sauka da kansa. Su da kansu suke auna abin da jikinsu ke so, matuƙar dai an bar musu zaɓi. Wannan bayanin babu shi a takardar da ta zo cikin kwalin, abin da ke ciki kawai yadda ake kunnawa da kashewa da gargaɗin kar a ninke ta, kuma ina ganin wannan babban gibi ne ga kayan da aka zana hoton jariran dabbobi a jikin kwalinsa.

Daga ranar na koyi karanta kwanciyarsu fiye da lambar rimot. In sun cure wuri ɗaya wani kan wani suna ƙananan koke-koke ba sa natsuwa, sanyi suke ji. In sun watse kowa ya kama gabansa, zafi ya yi yawa. In kuwa suna kwance kusa da juna jiki na taɓa jiki, shiru, sai ɗan zabura da suke yi cikin barci ƙafa na motsi, to komai daidai ne. Wannan zaburar ta tsorata ni da farko na zata ciwo ne, ashe alamar lafiya ce, jaririn da ke barci sam baya motsi shi ne abin dubawa.

Maganar lambar rimot kuma, kar ku yarda da ita ɗari bisa ɗari. Na sayi ƙaramin ma'aunin zafi na daban na ajiye a kan tawul ɗin daidai inda suke kwanciya, kuma abin da yake nunawa bai cika zama ɗaya da na rimot ba, in tawul ɗin mai kauri ne zafin da ke isowa sama ya yi ƙasa, in kuma guda biyar sun taru sun danne wuri ɗaya na tsawon lokaci sai ƙarƙashinsu ya fi abin da aka saita zafi. Ni dai a ƙaramin mataki na barta kusan kullum, kuma nakan tura tafin hannuna ƙarƙashinsu in bar shi kamar minti ɗaya, in na ji ɗumi irin na jikin mutum shikenan, in ya fara damun hannuna to ya yi yawa. Fatar cikinsu siririya ce ba gashi sosai, ƙuna a hankali take kama su ba tare da sun iya tashi da wuri ba, musamman mai rauni wanda ba shi da ƙarfin jan jiki. Shi ya sa ban taɓa barin su kan robar tsirara ba ko sau ɗaya, kuma tawul ɗin nakan cusa bakinsa ƙarƙashin tabarmar ya ɗame, don akwai mai iya kutsawa ƙarƙashin tawul ya maƙale tsakaninsa da zafin.

To yanzu zancen taima.

Dare na uku ne. Cikin bakwai ɗin akwai wani ƙarami da ya zo ƙarshe, giram 280 aka auna shi alhali sauran duk sun haura 400, na ɗaura masa jan zare a wuya don in riƙa gane shi. Na kunna tabarmar da rana ban lura cewa in ka kunna ta tana komawa kan taimar da aka saita daga kamfani ba ne, sai ka danna wani maɓalli sau da yawa kafin ta tsaya a kunne ba yankewa. Cikin dare wajen ƙarfe uku kukan uwar ya tashe ni, wani irin kuka ƙasa-ƙasa da ban saba ji ba, na zo na tarar rimot ya mutu, tabarma ta yi sanyi ƙalau, shida suna jikin uwarsu, shi kuwa mai jan zare yana can kan tabarmar shi kaɗai inda ya saba kwanciya, ya bi ɗumin da babu shi. Na ɗauke shi jikinsa ya saki, na sa ɗan yatsa a bakinsa na ji sanyi kuma baya tsotsa. Ban san lokacin da hawaye ya zubo min ba.

Abin da zuciyata ta fara ba ni shi ne in haɗa madara in ɗura masa ya samu ƙarfi, har na ɗauko sirinji, sai na ce bari in kira likita tukuna duk da dare ne, Allah ya saka masa da alheri ya ɗaga. Ya ce Malam ajiye sirinjin nan, kar ka ba shi komai. In zafin jikin ɗan kwikwiyo ya sauka ƙasa da wajen digiri 34 hanjinsa tsayawa yake yi da aiki, madarar za ta zauna a ciki ta kumbura shi, ko ta dawo ya sarƙe ta shiga huhu, kuma wannan shi ke ƙarasa su. Ya kuma hana ni ɗora shi kan tabarmar in ƙure zafi, ya ce ɗumamawar gaggawa ita ma illa ce, a hankali ake yi cikin awa ɗaya zuwa biyu ko fiye. Cikin rigata na saka shi, fatarsa a kan ƙirjina, na rufa da bargo na bar masa hanci a waje, ina shafa bayansa a hankali ina juya shi. Na fi awa ɗaya a zaune a ƙasa uwar tana leƙo wuyan rigar tana shinshina. Can sai na ji ya fara motsi, ya fara tura kai yana neman nono a jikina, na auna shi ta dubura da ma'aunin zafi da ɗan basilin a baki na ga ya haura 35, sannan na kai shi kan nonon baya, waɗanda suka fi cika, na riƙe manyan gefe har ya ƙoshi.

Ya rayu. Yanzu haka shi ya fi kowa surutu. Amma har gobe ina ganin bai kamata a ce kayan da aka yi don jarirai yana kashe kansa shiru ba ƙara ba wata alama ba. Na fahimci dalilin taimar, tsoron gobara ne da kuma kar a manta da abu a kunne, to amma ko ɗan ƙara ne ai sai a sa masa, ko a rubuta da manyan baƙaƙe a kwalin. Duk wanda zai saya, abu na farko da zai tambaya kenan: tana da yanayin zama a kunne ba yankewa? In wuta ta ɗauke ta dawo, tana tashi da kanta ko sai an danna? Tawa ba ta tashi da kanta, sai ka zo ka kunna ka sake saitawa daga farko, don haka duk sanda wuta ta ɗan ƙifta dole ka je ka duba. Tun daga daren nake ajiye robar ruwan ɗumi naɗe cikin tawul a gefe saboda ko-ta-kwana, kuma na koma kwana kusa da akwatin ina sa alam duk awa biyu har suka yi kwana goma.

Wani zai ce to me ya sa ba za a yi amfani da robar ruwan kawai ba, ko kwan fitila mai zafi da ake ratayawa sama. Na gwada duka. Robar ruwa tana aiki amma awa biyu uku ta huce, kuma in ta huce ta koma tana zuƙe zafin jikinsu maimakon ta ba su, ga tsoron yoyo. Fitilar kuwa tana ɗumama iska wanda tabarma ba ta yi, wannan kam ta fi ta, amma tana busar da wurin sosai har fatarsu ta fara bushewa, su kuwa suna son iska mai ɗan danshi, ga ta dami uwar da haske da zafi a ka, ga ni kuma hankalina baya kwanciya da abu mai zafi rataye saman bargo da kare mai iya miƙewa ta buge shi. Tabarmar ta fi min kwanciyar hankali nesa ba kusa ba. Sai dai tunda daga ƙasa kawai take ba da ɗumi, dole ka taimaka mata: na ɗaga akwatin daga kan daɓe na sa kwali da katako a ƙasa, na kauda shi daga saitin taga da ƙofa, na yafa bargo a saman rabin da tabarmar take ya zama kamar ɗan rami. Iska mai kaɗawa ko kaɗan ce tana cinye duk aikin da tabarmar ke yi.

Wajen tsafta ba ni da ƙorafi ko ɗaya. Kwanakin farko akwatin haihuwa baya rabuwa da lema, ga jinin da uwar ke zubarwa ga fitsarin yara, kuma jiƙaƙƙen tawul shi ma hanyar sanyi ne. Robar goge ta kawai nake yi da tsumma bayan na zare filogi, rigar kuma na wanke ta ya fi sau goma ba ta saki ba, zif ɗin ma bai lalace ba. Da dai sun saka riga biyu a kwalin da ya fi, don kafin ɗaya ta bushe kana buƙatar wata, ni tsofaffin tawul na yi ta juyawa.

Akwai abin da nake so in faɗa da babbar murya saboda na ga yadda tabarmar ta so ta sa ni sakaci: ɗan kwikwiyon da ke kwance lamo a kan ɗumi zai iya zama yana jin yunwa baka sani ba. Ɗumin yana sa su barci, mai rauni sai ya yi ta barci manya suna shanye nonon. Sikelin kicin shi ya riƙa tona min wannan. Kowace safiya lokaci ɗaya nake auna su in rubuta a littafi, lafiyayye yana ƙara kamar kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyinsa kullum, kuma zuwa kwana goma ko ɗan fiye ya kamata ya ninka nauyin haihuwarsa. Ranar farko ɗan raguwa kaɗan ba komai, amma in kwana biyu sikeli bai motsa ba to akwai magana, kar a jira. Mai jan zare sai da na riƙa ɗaukarsa daga kan tabarmar ina kai shi nono da hannuna duk awa biyu, na kuma ƙara masa da madarar gwangwani ta 'yan kwikwiyo da likita ya rubuta, yana kife a kan cikinsa kamar yadda yake shan nonon uwa, ba a rigingine kamar jaririn mutum ba. Madarar shanu ba ta yi musu, nonon karya ya fi ta maiƙo da sinadarin gina jiki, ita kuma ta shanun zawo take sa su. Dakashin farko kuwa, wanda suke sha cikin awa 24 na farko, babu gwangwanin da ke maye gurbinsa, daga nan suke samun kariyar cututtuka, don haka duk ɗokin ɗora su kan tabarma a tabbatar kowa ya kama nono tukuna.

Uwar tamu ta iya lasa, ita ke sa su fitsari da kashi don ba sa iya yi da kansu sai wajen sati uku, ban sha wahalar wannan ba. Wanda yake rainon marayu kam sai ya riƙa shafa musu da auduga mai ruwan ɗumi bayan kowace ciyarwa, kuma irin wannan mutumin ina ganin tabarmar nan ta zame masa dole, don ba jikin uwa da za su raɓa.

Kwana 12 na farkonsu ya buɗe ido, zuwa kwana 15 kowa ya buɗe, a sati biyu muka fara ba su maganin tsutsar ciki har da uwar. Daga nan na lura da kansu sun fara ƙaurace wa tabarmar da rana, sai dare suke hawa, sai na koma kunna ta da dare kawai. Sati na uku haƙora suka fara fitowa aka shiga cizon duk abin da aka gani, a nan na gode wa naɗin ƙarfen da ke jikin wayar, sun gwada ta sosai ba su huda ba. Amma naɗin bai kai har jikin rimot ba, akwai ɗan guntun wuri da waya take a fili daga rimot zuwa soket, don haka na huda jikin akwatin na fitar da wayar ta baya yadda ba mai kaiwa gare ta, kuma kullum sai na bi ta da hannu in duba ko akwai tabon haƙori. Uwar ba ta taɓa kula ta ba, amma in taka mai taune-taune ce ka yi tunani sosai kafin ka bar su su kaɗai da abu mai wuta.

Da za a ce in ba ta maki, huɗu cikin biyar zan ba ta, ɗayan taimar nan ce ta cinye shi tare da takardar bayanin da ba ta faɗi abin da ya fi muhimmanci ba. Zan sake amfani da ita in Allah ya kai mu wata haihuwar, kuma wanda karyarsa ke da ciki ya saya tun kafin kwana 63 ɗin da cikin karya ke ɗauka su cika, ya kunna ta kwana guda cur ba kowa a kai da ma'aunin zafi a sama, ya ga lokacin da take mutuwa da kanta da kuma ainihin zafin da take bayarwa, ya haɗa da sikeli da lambar likitan da zai ɗaga waya cikin dare.

Shekaranjiya na zare ta gaba ɗaya na goge na mayar cikin kwalinta a shimfiɗe ba ninki. Sati mai zuwa za mu je allurar rigakafin farko, mai jan zare da safen nan giram 1,900 ya auna, zaren ma sau uku ina canza masa don wuyan ya cika shi.